Gadar da Ta Fito a Juye

Kalandar nan ta girme ni.
Baba ya zo da ita daga masaƙar Kakuri,
kyautar wani Bajapane mai gyaran injin zare,
Okabe, da ma'aikata suka mayar Malam Akabe.
Kwanakinta sun ƙare tun ana kashe kwabo,
hotunan ne suka ƙi ƙarewa.

A watan farko akwai gadar katako,
ta yi doro kamar kyanwa mai miƙa.
Ruwan sama na sauka a karkace, zare-zare,
mutum shida sun duƙa cikin malafa da laima,
ɗaya ya yafa tabarma yana gudu,
har yau bai kai gaɓa ba.

A na bakwai daren biki ne.
Gada ta cika, babu masaka tsinke,
fitilun takarda jajaye wur kamar barkono a shanya,
kwalekwale a ƙasa, mai tuya da kaskonsa,
wuta ta fashe a sama ta zama fure.
Kowa ya ɗaga kai,
sai mace ɗaya da ke kallon ruwa.
Ita nake fara nema kullum.

Baba ya ce ba alƙalami ya yi su ba.
Itace ake ferewa, kowane launi da allonsa,
a shafa, a ɗora takarda, a murza.
Abin da wuƙa ta cire shi ne haske,
abin da ta bari ke ɗaukar tawada.

Ni ma da wuƙa nake cin abinci.
Teburina na bakin gidan waya,
ina yanka hatimi a roba:
An Biya, An Karɓa, Ofishin Shugaba.
Hannuna ya fi sanin rubutu a juye.

Bijimi ne ke riƙe mini kalandar in ina kwafa,
muna yara, ɗakinsu na jingine da namu.
Shekarar da hayaƙi ya rufe gari
muka kwashe zuwa Tudun Wada,
su kuma Sabon Tasha.
Kogin da muke kamun tarwaɗa a cikinsa
ya kwanta tsakani, ya zama iyaka.
Yanzu sai waya, sau biyu a shekara:
barka da Sallah,
barka da Kirsimeti,
ina yara, sai an kwana biyu.

Ran Talata na samo guntun maɗaci
wajen wani kafinta a Panteka.
Dare huɗu ina sassaƙa tamu gadar.
Ba ta da doro, miƙaƙƙiya ce, siminti da ƙarfe.
Na sa bas-bas, na sa 'yan acaɓa,
masu wanki a kan duwatsu, zannuwa a shimfiɗe.
Ba mu da wuta mai fure,
sai na jera yara da langa a ka,
wasu da naman layya, wasu da shinkafar Disamba,
suna giftawa a tsakiya, murfi na ƙara.
A gefe na tsayar da mace mai kallon ruwa.

Na shafa tawadar hatimi,
na murza da bayan cokali,
na ɗaga takarda a hankali.

Ni da na tsufa a juyi, ashe na manta.
Kudu ta koma arewa.
Unguwarsu ta sauka a gaɓarmu,
masallacinmu na tsaye inda cocinsu yake,
waɗanda na tura can ga su suna tahowa nan.
Kogin ya yi baƙi fiye da kima,
wani ɗan acaɓa ya fito babu kai.

Matata ta leƙo ta ce a sake.
Na ce a bar shi ya bushe.
Gobe Asabar, Bijimi ba ya fita aiki,
kuma na riga na ware kuɗin mota.